Takobin Roba a Kaskon Maƙera

A gidanmu ƙira ake gada, ni kuwa tsoron tartsatsi na gada, ban san daga wa ba. Tun muna Unguwar Lalle, kafin zaman ƙauye ya gagara mu tattaro mu dawo cikin Sabon Birni, Baba ya gwada ni a kan zugazugi na yi gyangyaɗi, ya gwada ni a kan masaba na doke babban yatsana, ya ba ni awartaki in riƙe masa ƙarfen da ya yi ja a wuta na sake shi kusa da ƙafar wani manomi da ya zo karɓar fartanya. Daga ranar ya bar wa boko ni, kamar yadda ake kyautar da jakin da ya ƙi kaya. Na karanta lantarki, na dawo da takarda mai hatimi, aka ɗauke ni koyar da fasaha a wata makarantar sakandare. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zana batir da alli a kan allo, a ajin da ko ƙwan fitila babu.

Baba bai taɓa zagin aikina ba. Da ma zagin yake yi, da na san ya kula. In baƙo ya tambaye shi abin da ɗansa yake yi, sai ya ce, "Shina zuwa makaranta," kamar har yau ɗan aji uku ne ni. Ni kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansa, sauran duk mata ne. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma babban abin da nake so a duniya shi ne tsohon nan ya dubi wani abu da hannuna ya yi, ya kira shi aiki.

Shekarar da nake ba da labarinta, makarantarmu ta shirya ranar al'adu. Shugabanmu mutum ne da ko akuya ce ta shigo filin taro sai ya kafa mata kwamitin bincike. Kafin a ce me, an kafa kwamitin ranar al'adu, a ƙarƙashinsa kwamitin wasan kwaikwayo, a ƙarƙashin wannan kuma kwamitin kayan wasa. Malamin Hausa ya rubuta wasa a kan wani sarkin Gobir na zamanin da, wanda in ya zare takobinsa haske yake kashe wa abokan gaba ido su zube. An so a ba wani ɗalibi sarautar, amma malamin wasanni, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya ce ba a taɓa yin sarkin Gobir siriri ba, ya naɗa kansa. Ɗalibai suka koma mayaƙan da za su zube.

Sai dai hukuma ta hana shiga kowane taro da makami, ko da wuƙar feren rake ce. Wannan doka ba wanda ya yi mata dariya, don kowa a ɗakin malamai yana da ɗan'uwan da ya baro gonarsa da gudu. Ana cikin jimamin yadda za a yi sarki ba takobi, shugaba ya juyo ya dube ni, karo na farko a wannan zangon karatu.

"Malam, wanga aiki naka na," in ji shi. "Ɗan maƙera kake, kuma lantarki kak karanta. Ka yi muna takobin da ba na ƙarhe ba, amma in an zare shi, shi kama da wuta."

Na ce, "An gama, ranka shi daɗe," da muryar wanda ya saba yin takubba masu haske kowace safiya kafin karin kumallo. A raina kuwa ba shugaba nake tunani ba. Rabon da a ƙera takobi a gidanmu tun zamanin kakana. Yanzu ga shi an ba da aikin takobi, kuma ni aka ba.

Na ɗauka gobe zan fara, ashe sai kwamitin kayan wasa ya yanke launin hasken tukuna. Mako uku muka yi a kan wannan. Na ce ja, tunda wuta ake so. Malamin addini ya ce mutanen ƙasar nan sun ga ja ya ishe su. Aka ce kore, mataimakin shugaba ya tuna mana cewa babban baƙon da za a gayyata ɗan siyasa ne, kuma kore launin abokan hamayyarsa ne, zai ɗauka da shi ake. Aka ce shuɗi, wani ya ce mutane za su zaci motar jami'ai ce su watse. Aka ce fari, malamin wasanni ya buga tebur ya ce shi ba zai fito gaban jama'a da cocila a hannu kamar mai neman kunama ba. Kowane zama ana shan lemo da biskit, kuma na lura ba wanda yake gaggawar a cim ma matsaya. A zama na biyar biskit ya ƙare da wuri, aka amince da ruwan ɗorawa cikin minti biyu.

Ranar kasuwar garin Isa na hau mota da addu'a, kamar yadda kowa yake hawa yanzu, na nufi rumfar wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan wuta daga wajen Maraɗi. Rumfarsa maƙabartar cocila ce da fitilun caji. Ya zube mini kwanon sha cike da 'yan ƙananan ƙwayayen fitilar nan da ake kira LED, kowane bai wuce ƙwayar wake ba, da ƙafafu biyu na siririyar waya, ɗaya doguwa ɗaya gajera. Na tsinci masu ruwan ɗorawa guda arba'in. Ya haɗa mini da wayar tagulla, da dalmar liƙi, da makunnin wata matacciyar cocila, da wani dogon batir da aka ciro daga cikin batirin kwamfuta, wanda shi yake kira "pil" irin na mutanen Nijar.

"Malam, kak ka ba su wuta da yawa," in ji shi. "Jarirai na. Wanga pil ɗin ya ishe su, shi ma sai ka sa musu rasista."

Rasista wani ɗan abu ne mai zane-zane da ke rage ƙarfin wuta kafin ta kai ga ƙwai. Na san shi, na zana shi a allo ya fi sau ɗari, na kayar da ɗalibai a jarrabawa a kansa. Na gaya wa mutumin cewa ni malamin fasaha ne, takardata tana rataye a bango. Ya ce Allah shi ƙara sani.

Da na dawo gida, batirin babu caji, ni kuma zumuɗi ba zai bar ni in jira ba. Na murɗa ƙafafun ƙwai ashirin a jikin waya biyu, na turo babur ɗina har ƙofar maƙera, inda Baba yake wasa lauje, don in tabbatar yana gani. Na ɗora wayoyin a kan batirin babur, wanda ƙarfinsa ya ninka na wancan sau uku. Ƙwayayen suka yi wal sau ɗaya, suka ce tas, wani siririn hayaƙi mai warin roba ya tashi. Baba ya ɗago kai.

"Hasken ke nan?"

Na ce gwaji ne.

"To. Ashana ta hi shi daɗewa."

Ya koma kan laujensa. Ni kuma na tura babur na mayar, da rabin ƙwayayena a mace cikin aljihu.

Sauran ashirin ɗin na yi musu ladabi. Na kai batirin wajen mai cajin waya da sola, na kwance wata tsohuwar rediyon Inna na ciro rasista. Na farkon da na gwada ƙarami ne, ya yi zafi har ya ƙona mini yatsa, na canza da wani mai kauri. Tsarin da na yi kamar tsani yake: waya biyu a miƙe a jikin tsinken gora, ƙwayayen a jere tsakaninsu, kowace doguwar ƙafa a kan waya ɗaya, kowace gajera a kan ɗayar. Jar waya ta taso daga kan batir, ta bi ta makunni, ta bi ta rasista, ta kai ga dogayen ƙafafu. Baƙa kuma ta taso daga gindin batir kai tsaye zuwa gajerun. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

Murɗawa da hannu ba ta riƙe, da an girgiza sai rabi su mutu, kuma malamin wasanni ba girgiza kaɗai zai yi ba. Dole sai an liƙe kowace ƙafa da dalma. Ina da ƙarfen narka dalma mai aiki da lantarki tun na makaranta, sabo fil a kwalinsa, amma rabon unguwarmu da wuta har tsuntsaye sun yi sheƙa a kan turken wutar. Kwana biyu ina zagaya maƙera kamar mai neman aure, na kasa buɗe baki. A rana ta uku na tarar da wani abu a kan kujerata: guntun tagulla mai kauri, an dandaƙe bakinsa ya yi tsini, an ɗaura masa ƙota. Da gani na san aikin hannun Baba ne. Na ɗauka na shiga maƙera na ce, "Baba, ko za ku ara man wuta?"

Ya matsa gefe. Na zauna a mazauninsa, shi kuma ya zauna a bayan zugazugi, aikin da na yi gyangyaɗi a kansa shekara talatin da suka wuce. Na rantse da a ce wani ya shigo a lokacin, da kunya ta kashe ni, da daɗi kuma.

Ashe liƙi ma ba a takarda ake koyonsa ba. In na ciro tagullar da wuri, dalma ta ƙi narkewa. In na bar ta ta daɗe, ta ƙona ƙwan. Baba ba ya duban agogo, launin bakin tagullar kawai yake kallo, sai ya ce, "Ɗauka." In na ɗauka a lokacin, dalma ta kwanta sumul. Liƙina na farko ya karɓa ya shafa da yatsa, ya ce, "Wanga kashin kaza na," ya sa na sake. Na bayyana masa maganar doguwar ƙafa da gajera, cewa in an juya ƙwai ba zai kama ba, na yi bayanin da muryar aji, har da ɗaga yatsa. Shi dai ya ci gaba da zuga wuta. Da muka gama muka gwada, goma sha tara suka kama, ɗaya a tsakiya ya ƙi. Na fara lacca a kan yadda kayan kasuwa ba su da inganci. Baba, wanda idonsa ya yi rauni har ba ya iya zura zare a allura, ya bi ƙafafun da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wanda ya ƙi.

"Kai kaj juya shi," in ji shi.

Ni na juya shi kuwa.

Jikin takobin farin bututun roba ne, irin wanda ake zura wayar lantarki a gini. Ni da niyyata in bar shi zagaye yadda yake. Baba ya ce ba a gidansa za a fitar da muciya a kira ta takobi ba. Ya gasa bututun sama-sama a kan garwashi har ya yi laushi, ya danne shi tsakanin katako biyu ya yi faɗi, ya matse bakin ya yi tsini. Ƙota kuma ya sassaƙa ta da icen ƙirya, ya rarake cikinta daidai batir, ya huda wa makunni gurbi inda babban yatsa yake sauka. Duk wannan yana yi yana cewa shi ba ruwansa da wasan yara, yana dai gudun a ce daga maƙerarsa abin kunya ya fito.

Maƙera ɗaki ne mai duhu ko da rana tsaka, da gangan ake barinta haka don maƙeri ya ga launin ƙarfe. A nan muka zura tsinken gorar cikin bututu, na naɗe mahaɗar da salatif, na danna. Wayyo! Takobin ya kama daga gindi har tsini, ruwan ɗorawa mai kyau, har gumin goshin Baba ya yi ƙyalli. Ni da na yi shi sai da tsigar jikina ta tashi. Baba ya karɓa, ya ɗora a kan yatsa biyu yana neman tsakiyar nauyinsa, ya kaɗa shi sau ɗaya a iska. Na tsaya ina jiran ya kira shi aiki. Ya danna ya kashe, ya danna ya kunna, ya miƙo mini.

"Ƙota ta ɗan yi nauyi," in ji shi.

Ranar malmalar tuwo uku na ci. A wajen Baba, a ce abu ya ɗan yi nauyi, yabo ne da ba kowa yake samu ba.

Ana gobe taro na bar takobin a maƙera na tafi makaranta gwajin ƙarshe, inda malamin wasanni ya yi ta kashe ɗalibai da sandar tsintsiya. Lokacin gab da damina ne, maƙera cike take da manoma, wasu daga Kurawa, wasu har daga Turba, kowa da fartanyar da za a gyara. Da na dawo bayan azahar na ga mutanen sun fi na kullum, har da tsofaffin maƙeran garin su uku da ba su cika zuwa ba. Baba yana zaune da farar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Laraba ce, ga faifan goro a gabansa. Wani tsoho ya miƙo mini hannu yana cewa, "Barka, barka." Ban kama hannun ba, don idona ya riga ya sauka a kan kasko.

Kaskon nan shi ne wanda ake tsoma jan ƙarfe a ciki in an gama ƙira, a shayar da shi ya yi ƙwari. Ruwansa baƙi ne, ga toka, ga sassaƙen itatuwa da ban san sunansu ba. Takobina yana kwance a ciki, daga tsini har ƙota, an danne shi da dutse don kada ya taso. Na fizgo shi. Ruwa ya yi ta tsiyaya daga gurbin makunni. Na danna, na sake dannawa, na girgiza, shiru.

"Wa yas sa wanga abu cikin ruwa?"

Baba ya ce, "Ni na. Na shayar da shi."

Abin da na faɗa daga nan, na so a ce zan iya cewa ban tuna ba, amma na tuna shi kalma bayan kalma. Na ce, "Baba, wanga ba hauya ba ta! Abin ilimi na. Mako shida ina wahala. Abin da ba ku sani ba, ku bar ma waɗanda sunka yi karatu!"

Tsohon da ya miƙo mini hannu ya mayar da shi cikin riga. Baba bai dube ni ba. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya ɗauki faifan goronsa, ya shige cikin gida. Mutane suka fara tuna cewa suna da wasu uzurori.

A lokacin ban ji komai ba sai haushi da tsoron gobe. Na kwance takobin gaba ɗaya. Matata ta ce ta ji in waya ta faɗa ruwa cikin shinkafa ake binne ta. Shinkafa ba ta kwana a gidan malamin makaranta, saboda haka na binne tsanin ƙwayayen cikin buhun gero, bututun da ƙotar kuma na shanya su a kan kwanon ɗaki. Ruwan toka ya cinye bakin batirin ya zuƙe shi, makunnin ma ya daskare. Ƙwayayen dai, jariran nan, ba abin da ya same su. Na cire batirin 'yar ƙaramar wayata na sa, na ɓalle makunnin cocilar matata, ita kuma ta ce za ta tuna da wannan. Sai liƙi. Na shiga maƙera ni kaɗai, hannu ɗaya a zugazugi, ɗaya a tagulla, ba mai ce mini "Ɗauka." Na ƙona waya sau huɗu da yatsa sau biyu. Kafin magariba takobin ya kama, liƙin kuwa ko ni na san kashin kaza ne.

Washegari aka yi taro. A da, irin wannan wasa da yamma liƙis ake yin sa. Yanzu dole a tashi kafin la'asar don baƙin ƙauye su isa gida da ido, saboda haka kwamiti ya sa wasan kwaikwayo ƙarfe ɗaya na rana. Wannan matsaya da ta launin haske a shafi ɗaya suke cikin littafin kwamiti, ni ma na sa hannu a ƙasa. Mu goma sha biyu, masu takardu a bango, ba wanda ya haɗa biyun a ransa. Ni kuwa ban taɓa kunna takobin a wani wuri ba sai cikin duhun maƙera.

Rana ta tsaya a tsakiyar ka, fili ya yi fari fat. Aka buga ganga, malamin wasanni ya fito da rawani da layu har gwiwar hannu, ya yi kirari, ya zare takobi daga kube, ya danna. Ba abin da ya faru da ido zai iya gani. Ya sake dannawa, wato ya kashe. Ya kawo shi kusa da fuska ya leƙa, ya yi ta dannawa ba lissafi. Ya waiwayo yana nemana da ido a ƙarƙashin rumfa, ni kuma na duƙa ina gyara takalmin da ba shi da igiya. Da ya ga ba mafita, ya ɗaga farin bututun sama ya daka tsawa, "Ku dubi haske!" Ɗalibai talatin suka rufe ido da hannu suka zube cikin ƙura, kamar yadda aka koya musu. Har yau ban sani ba ko a kunne yake a lokacin ko a kashe.

Shugaba ya miƙe yana tafi. Da shugaba ya miƙe, malamai suka miƙe. Babban baƙo ya ga an miƙe, shi ma ya miƙe, jama'a suka ɗauka. A jawabinsa ya ce hasken takobin nan sai da ya sa shi lumshe ido, kuma alama ce ta cewa kimiyya ta iso ƙasar Gobir. Malamin addini ya raɗa mini cewa ruwan ɗorawan ya fito sosai, da ma shi ya fara kawo shawararsa. Mataimakin shugaba ya ce daga inda yake zaune ya ɗan yi kama da kore, amma Allah ya rufa asiri baƙo bai lura ba. Aka kira ni gaban jama'a aka ba ni takardar yabo, ita ma da hatimi. Ina karɓa ina kallon kujerar da na ajiye wa Baba a layi na biyu, wani mai sayar da rake ya ɗora ƙafa a kai.

Na koma gida da takobi a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Ban ji daɗin komai ba. Mutum ɗari biyar sun tafa wa hasken da ba su gani ba, mutum ɗaya da ya gan shi da gaske na ci masa mutunci a gaban abokan sana'arsa. Na tarar da shi a maƙera shi kaɗai, da tsohuwar rigar aiki, yana goga bakin fartanya da magagari. Na cire takalmi na durƙusa. Na ce ya yafe mini, shaiɗan ne da gajiya. Da yake hali ba ya barin mai shi, na zarce da bayanin cewa ruwa da batir ba sa haɗuwa, musamman ruwan toka.

"Na ji," in ji shi. "Laihina na. Ban san ruwa na kashe shi ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Amma Baba, mi yas sa? Roba ta, ba ta buƙatar ƙwari."

Ya ci gaba da guga. Sannan ya yi magana, idonsa a kan fartanyar.

"Ran da niy yi wuƙata ta hwarko, ubana yat tara maƙera, yas shayar da ita da hannunai, yar raba goro. Daga ran nan anka hwara ce man maƙeri. Shi ma haka ubanai yay yi mai. Uba ɗai ka yi ma ɗa, ba a yi ma bare. Ni na cire rai za ni yi ma wani. Sai ga ka da takobi."

Ban san da wannan al'ada ba. Ina zan san ta, ni da na bar maƙera tun ban kai shekara goma ba, kuma ba wani ɗa a gidan da aka yi wa in gani? Hawaye suka zubo mini, ni da gemu. Na ce, "Baba, don Allah a sake kiran su. Za ni cire batir, za ni cire komi, ku tsoma shi shi kwana ciki in kun so. Goron ni za ni sawo."

Ya busa bakin fartanyar, ya gwada kaifinta da babban yatsa.

"Sau guda aka yin shi," in ji shi.

Na ci gaba da durƙuso a bakin ƙofa, takobin a kan cinyata, ban san abin da nake jira ba. Can ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Matsa daga ƙohwa, Malam. Ka tare man haske."

Na matsa.